Kawu Isiyaku da "by" ɗinsa

Ku da kuka zauna da Kawu Isiyaku a Gadarif kun san ba a ambaton tafiya a gabansa. Kana cewa ka yi hajzi, wato ka kama wuri a mota, zai gyara rawani ya tambaye ka yadda za ka faɗe shi da Turanci. Turancin nan kuwa tsintarsa ya yi a Gadambaliya, lokacin da yake tuƙa wani injiniyan gona, amma ya riƙe shi kamar gadon ubansa.

Wata rana za shi Fau, mai sayar da tazkara, wato tikiti, ya so ya burge shi, ya ce wurinsa na nan "in the bus". Kawu ya ce sam, Bature ba ya zama "in" bas, "on" yake zama. Mutumin ya ce, "To ya Hajj, hau sama." Wallahi ya hau. Haka ya isa Fau a kan buhunan riɗi, yana gaya wa mutane shi dai bai karya nahawu ba.

Wannan mun yi dariya. Wanda har yau in na tuna nake ajiye muciya in zauna, shi ne na idon Inna, mahaifiyata, yayarsa. Yanar ido ta rufe mata gani, ko Alƙur'aninta ba ta iya dubawa. Likitocin ido baƙi suka sauka Kassala, muka samar mata wuri da ƙyar. Saƙo ya shigo wayata cewa a kira a tabbatar "by Monday". Na ce mu kira tun kafin Litinin ta wuce, ai na yi sakandare. Kawu ya ce a bar masa. Wai "by" kusa da ke nan, kamar yadda injiniya kan ce ya tsaya "by" tarakta. Talata kusa da Litinin take, Laraba ma maƙwabciya ce. Na sake magana, ya ce 'yar jiya ba za ta koya masa Turanci ba.

Sai ran Laraba ya kira. An riga an ba wani mutum wurin Inna.

Na yi kuka, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu. Shi ko gezau, wai likitocin ne ba su iya Turanci ba. Ku ji fa!

Ashe shi ma ya kama wa nasa idon wuri tun kafin mu, bai gaya wa kowa ba. Washegari ya ce Inna ta yafa tobinta mu tafi. A Kassala ya tsaya kan ma'aikacin da ke rubuta sunaye har aka cire sunansa aka sa nata, da Larabci tsantsa kuwa. Da muka fito na ce, "Kawu, yau ina Turancin?"

Ya ce, "Ke Hauwa, ido ne fa."

Inna tana karatunta yanzu. Shi kuwa da lalube ya ƙarasa kwanakinsa, kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ajiye masa wuri a Aljanna wanda ba za a ba wani ba.