Kazar da na kai wa Baba Kebbe

Ana idar da sallar asuba muka bar Tambuwal, ni da ƙanena, da kaji biyu 'yan gida a kwali. Ba yawon daɗi ya fito da mu ba. Hawan jini ne ya kayar da Babanmu a gonarsa ta Kebbe, likita ya hana shi maiƙo da yawan gishiri, shi kuma ya shiga yajin cin abinci. In ba soyayyar kazar gidan abinci ba, irin mai ninƙaya cikin mai da barkono, ba ya buɗe baki. Har ya rame. Na ce sai ya ci tawa, ko ana ha maza ha mata.

Kuɗin mota ya hau, har direba ya nemi in biya wa kajina kujera. Na ce in za su biya, to su zauna gaba. Hanya dai ga ta nan, ramuka suna ta watsa mu, dawa ta yi kai hagu da dama. Ba mu yi nisa ba hancina ya jiyo ƙamshin da na sani. Ashe ƙanena ya sayo kazar gidan abincin tun jiya ya cusa a jaka, wai saboda ko-ta-kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ƙwace ledar na danne ta da ƙafa.

A gida Goggo, ƙanwar Baba, ta tarbe mu. A wajensu girman mutum a saman miya ake ganinsa: in mai bai taso ya rufe ta ba, ka raina mai ci. Aka yanka kaza, na fige, na kama saɓule fatar ina cire kitse. Goggo ta saki salati.

"Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Tsiraici za ki kai ma ubanki? Sai a ce rowa munka koya miki!"

Na ce, "Goggo, su ce. Ni dai da ransa nika son shi."

Na tsattsaga naman, na murza masa citta, tafarnuwa, masoro da lemon tsami, daddawa ta tsaya a madadin dunƙule. Na sulala shi cikin ruwan jikinsa, sannan na ɗora a gawayi har ya yi ja. Tattasai, attaruhu da albasa ma na gasa su na jajjaga, man gyaɗa cokali guda kawai. Maƙwabta suna ta leƙe suna ƙus-ƙus, ko kallo ba su ishe ni ba.

Baba ya buɗe kwano ya ture. "Ba ni cin abincin asibiti."

Na durƙusa, na ajiye ledar ƙanena a gefensa, mai har ya daskare a ciki. Na ce, "Baba, loma guda. In ba ta yi ba, ga taka nan." Na san in ya miƙa hannu can, shi ke nan na faɗi.

Ya yagi tsokar kazata yana hararata. Ya tauna. Ya sake yaga. Sai da ya tsotse ƙashin cinya sannan ya ce, "Barkono ya yi kaɗan." Ledar kuwa ƙanena ne ya fita da ita zaure yana sunkuyar da kai.

Na kwana biyu ina girki, Goggo tana gefe wai tsintar shinkafa take, idonta kuwa yana kan turmina. Da za mu taho ta raka ni har bakin hanya, ta rage murya ta tambayi yawan cittar.

Mun iso Tambuwal da la'asar, kwalin babu kowa. Tafiyar nan ta koya mini cewa gorin rowa ba ya kashe mutum, don haka duk mai son yi mini shi, bismilla. Ban gama cire mayafi ba waya ta yi ƙara. Baba ne, babu ko sannu da hanya.

"Goggonki ta yi, ba ta kai taki ba. Yaushe za ki komo?"