Agogon Sitti da Gida na Huɗu

Wasu shekaru can baya, lokacin da rusau ya iso layinmu a unguwar Nakkasa da ke Makka, na tafka wata wauta da har gobe matata take tsokanata da ita. Yau na ce bari in tona wa kaina asiri kafin ta riga ni.

Kakata ce ta raine ni, mahaifiyar babana. Sitti muke ce mata, yadda 'yan Makka ke kiran kaka, ita kuwa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai "maigida". Tun tana 'yar mitsitsiya aka zo da ita daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan. A kan dutsen nan na Nakkasa ta yi aure, nan ta haihu, nan mijinta ya rasu ya bar mata wani tsohon agogon hannu, irin wanda ake murɗawa. Agogon nan bai taɓa yin daidai da na kowa ba. Mu jikoki mun ɗauka lalacewa ya yi, kullum muna yi mata tsiya a kai, ita kuma ta ce namu ne ba su da tarbiyya.

A lokacin ina aiki a tashar motocin alhazai da ke Kudai, na kuma kama shigga, wato sashen haya a gidan bene, mai ɗaki uku a nan kusa, ni da matata. Idan aikin Hajji ya wuce, tashar sai ta yi tsit, mu zauna muna kashe lokaci da shayi. A irin wannan zaman ne wani abokina ya nuna mini wata manhaja a wayarsa. Wai in ka saka ranar haihuwarka da garin da kuma sa'ar, sai ta zana maka yadda taurari suka tsaya a sama lokacin da ka faɗo duniya.

Na ce masa, "Kai, a Makka? Ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ai ba yarda za mu yi ba. Kallo ne kawai."

To, kallon ne ya kai ni ya baro. Na san haramun ne, tun ina ƙarami na sani, amma washegari sai ga ni a gaban Sitti ina tambayarta ƙarfe nawa aka haife ni. A gida aka haife ni, a hannunta na faɗo, babu wata takardar asibiti da ta rubuta lokaci. Ko tunani ba ta yi ba ta ce, "Ƙarfe tara daidai, da rana. Na duba agogona." Na je na saka tara na safe.

Abin da ya fito da'ira ce da aka yanka kashi goma sha biyu, kamar kankana a faranti. Kowane kashi sunansa gida. Abokina ya gyara zama ya zama malami. Gida na farko, in ji shi, kai ne da halinka. Na biyu dukiya, na uku 'yan'uwa. Na bakwai aure, sai ya leƙa nawa ya ce na yi sa'a, na ce ai ba sai ka faɗa ba. Muna ta dariya har ya zo kan na huɗu. Ya ce wannan shi ne gidan muhalli, da iyaye da tsofaffin gida, da ƙarshen al'amari. Kuma ga Zuhal zaune a ciki daram, tauraron da masu wannan harka ke cewa na nauyi ne da rashi. Bayanin da ke ƙasa ya ce mai irin wannan zai ga baƙin cikin wani babba nasa a ƙarƙashin rufinsa.

Na yi tsaki na ce shirme ne. Amma wallahi maganar ta shige ni, ta samu wuri ta kwanta.

Ba a yi wata biyu ba aka shafa wa gidan Sitti jan fenti, alamar rusau, aka ba su wa'adin tashi. Kowa a dangi ya san inda za ta koma. Tun ranar da na kama shiggar take cewa ɗakin da tagarsa ke kallon titi nata ne. Daga Kudai mota ɗaya ce zuwa Harami, ita kuwa shekara sama da saba'in ba ta yi nisa da Harami ba. In ba wurina ba, sai wurin baffana a can bayan Jidda, inda sai ta yi wata ba ta ga Ka'aba ba.

Sai na fara kame-kame. Yau in ce na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, gobe in ce benen zai wahalar da gwiwarta, alhali matar nan kullum sai ta hau dutsen da ya ninka benen sau biyar. Matata ta yi ta tambayata me ke damuna, na ce babu komai. Yaya zan buɗe baki in ce tsoro nake ji kakata ta mutu a gidana saboda waya ta faɗa? Ni a haukata, in na hana ta shigowa, na kare ta ke nan.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika matata ta dawo daga Nakkasa idonta jawur. Ta ce Sitti ta riƙe hannunta ta ce mata kada ta damu, ta san zama da tsohuwa akwai nauyi, ta yafe mata, za ta bi baffa. "Ni take zaton na hana," in ji matata. "Ka je ka gyara abin da ka ɓata, don ni ba zan ɗauki laifin da ban yi ba."

Na sami Sitti bayan la'asar tana zaune a tsakiyar kwalaye, an naɗe shimfiɗu, tana shan shayi a ƙaramin kofi. Ba ta ce maigida ba. Cewa ta yi, "Sannu da zuwa," kamar wani baƙo. Wannan gaisuwar ta fi mari zafi a wurina.

Na durƙusa na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Na ciro wayar na nuna mata da'irar, ga gida na huɗu, ga Zuhal. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta kalle ni.

"Duba ka koma yi? A garin nan? Ni na raine ka ko wata?"

"Ke ce, Sitti."

"To wa ya gaya wa wannan abin lokacin da aka haife ka?"

"Ke kika ce ƙarfe tara. Na saka tara na safe."

Ta ajiye kofin a hankali. "Wane irin safe? Kai da ka faɗo ana kiran la'asar, har na makara salla saboda ihunka."

Ta miƙo mini hannunta mai agogon. Ashe agogon nan lafiyarsa ƙalau. Lissafin mutanen Makka na dā take bi, wanda ake mayar da agogo sha biyu daidai da kiran magariba, daga nan a fara ƙirga. Tara na rana a wurinta shi ne wajen uku da rabi a namu. Ni da na girma ina ganin tana murɗa shi duk magariba, ban taɓa tambayar dalili ba, ina can ina yi mata dariya.

Ta ce, "Gyara mu gani, tunda ka riga ka ɗauki zunubin."

Na gyara. Da'irar ta juya gaba ɗaya. Zuhal ya tattara ya bar gida na huɗu, ya koma na farko.

"Wannan kuma gidan wa ne?"

"Nawa ne. Gidan hali."

"Karanta."

Na karanta mata: mutum mai yawan zullumi, mai ƙunshe magana a ciki, mai tsoron abin da bai zo ba. Sitti ta yi dariya har da riƙe ciki, har tari ya sarƙe ta. Ta ce wannan ai ba sai an tayar da tauraro daga sama ba, da na tambaye ta da ta faɗa mini kyauta.

Da dariyar ta lafa sai ta kama kunnena, yadda take yi ina yaro. Ta ce, "Maigida, saurara. Ko da abin nan gaskiya ya faɗa, sai me? Na haura tamanin. Dole a gidan wani zan mutu. Ni kuma naka na zaɓa, kai kuma kana neman ka tura ni in mutu a na wani."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, ƙato da ni, a tsakiyar kwalaye. Ta sa na goge manhajar a gabanta, ta ce in wuce Harami in yi ɗawafi in nemi gafara, in na dawo in fara ɗaukar kaya, kuma in tsaya in ba matata haƙuri a madadinta kafin ta zo ta ba ta haƙurin da kanta.

Shekara biyar ta yi a ɗakin nan mai kallon titi. Ta yi faɗa da direbobin tasha kusan duka, ta koya wa matata miyar da ni ta ƙi koya mini. A ɗakin ta rasu, kanta a cinyar matata, hannunta a nawa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, a ƙarƙashin rufina kuwa. Amma ban taɓa cewa waya ta faɗi gaskiya ba, don duk mai tsohuwa a gida ya san ranar tana zuwa. Abin da ke tayar mini da tsigar jiki shi ne saura kwana huɗu kacal in yi asarar shekaru biyar ɗin nan da hannuna, ina ganin ƙauna nake yi.

Agogon yana wurina. Duk magariba nakan mayar da shi sha biyu, abokan aiki suna cewa ya lalace, ni kuma ba na yi musu bayani. Ga shi a hannuna ina wannan rubutu, ya nuna tara daidai. Bari in tashi, ana kiran la'asar.