Kawu Rigo, Mai Ganga da Hannu Ɗaya

Ranar Talata, sha tara ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Rigoberto Camarena Taipe a gidansa da ke unguwar Chilca, a nan Huancayo. Ya gama karin kumallo, ya ce wa matarsa Nélida kansa na sara masa, ya kishingiɗa a kujerar tsakar gida inda rana ke sauka. Ta shiga ɗora masa ruwan zafi. Kafin ta fito rai ya yi halinsa. Likita ya ce jininsa ne ya sake hawa ya buge shi a karo na biyu. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas. Wanda ya ba mu shi, shi ya karɓi abinsa, kuma hanyar kowa ke nan.

Sunana Marleni Orihuela, malamar firamare ce ni, kuma ni ke shugabantar 'Yan Mantaro, ƙungiyar da marigayin ya yi shekaru yana wasa a cikinta. Na san wani zai ce me ya haɗa ta'aziyyar dattijo da wasan kwamfuta. Waɗanda suka san shi ba za su tambaya ba.

Kawu Rigo, muryarka na fara sani kafin fuskarka. A wasan nan namu, kowa yana shiga ta intanet daga garinsa, ya zaɓi irin jarumin da zai zama, mu haɗu mu yaƙi dodanni. Akwai masu garkuwa a gaba, akwai maharba a baya, akwai masu magani. Kai mai ganga ne. Mai ganga ba ya sara, ba ya harbi. Yakan tsaya inda ya dace ya buga, duk wanda kiɗan ya kai gare shi ƙarfinsa ya ƙaru, rauninsa ya yi sauƙi. Matasa ba sa zaɓarsa, suna cewa aikin tsofaffi ne. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce ai da ma tsohon ne.

Ranar da na fara fita da ƙungiyar, na ɓace a cikin wata fadama, sauran suka yi gaba ba su lura ba. Kunya ta hana ni magana. Can sai na ji kiɗa yana tahowa ta cikin hazo, ga jaruminka ya dawo shi kaɗai. Ka ce, "Malama, a motata ba a sauke fasinja a tsakiyar daji. Biyo ni, a hankali." Daga baya na gane dalilin maganar. Ka yi fiye da shekara ashirin kana tuƙa babbar bas tsakanin nan da Lima, kana hawa tsaunin Ticlio cikin ƙanƙara da hazo. Da harshen hanya kake yaƙi. Idan dodo zai juyo, ka ce ga kwana nan. Idan mun cika zumuɗi, ka ce a taka birki.

Ba ni kaɗai ka koma wa ba. Jhonatan, mai gyaran waya a Trujillo, wanda muke kira Chato, maharbinmu ne, bakinsa ya fi kibiyarsa kaifi. Lokacin da mahaifinsa ya rasu ya daina shiga yaƙi, sai dai ya zauna da jaruminsa a bakin wani tafki na cikin wasan yana kamun kifi. Kai ma ka bar yaƙin ka je ka zauna kusa da shi. Lahadi bayan Lahadi kuna jefa ƙugiya, ba ka yi masa wa'azi ba, ba ka tambaye shi kome ba, har ranar da ya buɗe baki da kansa.

Mun daɗe ba mu san gari ɗaya muke ba. Wata Lahadi a lokacin bikin Santiago, na ji masu busa suna wucewa ta cikin makirfonka, jim kaɗan kuma ga su a ƙofar gidanmu da waƙar da ba su ƙarasa ba. Na ce, "Kawu, kai a ina kake zaune?" Mako na zagayowa ina teburinku, Nélida tana zuba mini miyar kaza. A nan na ga hannunka na dama kwance a cinyarka, yatsun a naɗe. Bugun jini na farko ne ya shanye maka ɓarin dama, ya raba ka da sitiyari. Da hannun hagu kaɗai kake wasan duk shekarun nan, domin mai ganga maɓallai kaɗan yake bukata, sauran aikin sanin lokaci ne da sanin wurin tsayawa. Ka ga ina kallo, ka ce, "Malama, a can ciki hannuna biyu ne. Ki bar ni da su." Ban faɗa wa kowa ba.

Sai kamfanin wasan ya sanar da sabuwar ƙasa, wadda ba a shiga sai an saya. 'Yarka Yovana ta saya maka tun kafin ta fito, kyautar ranar haihuwarka. Ka yi ta ɗoki kamar ɗalibaina ranar hutu. Ba mu lura da abin da ya zo tare da ita ba. Kamfanin ya ce zai daidaita ƙarfin jarumai, kuma a ganinsu mai ganga ya cika sauƙi, ya cika ƙarfi. Suka sake masa gini. Yanzu sai an buga kiɗan da sauri, hannu ɗaya a kan maɓallai, ɗaya a kan linzamin kwamfuta, kuma idan aka kuskure bugu ɗaya kiɗan ya yanke.

Ba zan manta da yammacin Lahadin farko ba. Mun shiga sabuwar ƙasar, kiɗanka yana farawa yana yankewa, dodo yana share mu, mu tashi mu sake, ya sake share mu. Chato ya ƙule. Ya ce, "Haba tsoho, barci kake yi ne, ko ka ɗan kurɓa? Wallahi kazar gidanmu in aka ɗora ta a kan maɓallan nan sai ta fi ka kiɗa."

Sai ka ce, "Ba barci nake ba, ɗana. Hannu ɗaya gare ni. Na daman ya mutu tun kafin ka san ni."

Muka ji Chato ya fita daga wasan. Abin da ka ɓoye shekaru, gyara ɗaya na wasu mutane da ba su taɓa jin sunanka ba ya tone shi a gaban kowa.

Ba a rufa wata ba sai ga Chato a tashar Huancayo da jakar kayan aikinsa. Ɗan bakin teku ne, ƙarancin iskar kan tsauni ya buge shi, yana tafiya yana layi. Ka zaunar da shi, ka sa Nélida ta dafa masa shayin ganyen koka, maganin jirin tsauni, ka ce, "Kai ne mai kaza? Ga ka nan kana tangaɗi kamar wadda aka yanka." Ya durƙusa zai ba ka haƙuri, ka ce ya tashi kada ya yi maka amai a takalmi. Ku biyu kuka je wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota kuka samo abin taka kuloci, ya haɗa masa waya ya jona da kwamfutarka, domin ƙafarka ta hagu ta yi aikin hannun da babu. Ka ce ƙafar nan ta hau Ticlio sau babu adadi, ba wani dodon kwali da zai gagare ta.

Ƙafar ta yi ƙoƙari, amma ba ta mayar maka da abin da aka ɗauke ba. Rabin kiɗan yana fita, rabi yana zubewa. Ka rubuta a zauren tattaunawar wasan, cikin ladabi, cewa akwai masu wasa da hannu ɗaya, ko za a duba. Wasu suka goyi bayanka, wasu suka ce ka je ka koyi wasa. Mun roƙe ka ka ci gaba da fita da mu ko da za mu yi ta faɗuwa. Ka ƙi. Ka ce direban da idonsa ya raunana ba ya jiran sai ya kifar da mota. Ka ajiye jaruminka a bakin gadar shiga sabuwar ƙasa, ka koma kallon yaƙin ta allon ɗayanmu, kana yi mana jagora da baki. Ba ka taɓa zagin kamfanin ba, ba ka kuma bari Yovana ta ji cewa kyautarta ce ta zo da wannan ba. Babban dodon ƙarshe ne kaɗai ya rage mana, kana cewa kafin damina za mu kayar da shi. Ba ka kai ba.

Bayan an binne ka, bayan dangi sun wanke tufafinka a bakin kogi kamar yadda al'adarmu take, muka ce mu haɗu ranar Lahadi mu gwada dodon nan don girmama ka. Duk mun manta da wani abu. A watanninka na ƙarshe harshenka yakan yi nauyi idan ka gaji, shi ya sa ka naɗi umarninka a waya, Chato ya shirya kwamfuta ta riƙa sako su da kanta a lokacin da ya dace. Muna shiga filin, dodon ya ɗaga kai, sai muryarka ta cika kunnuwanmu: "To 'ya'yana, kowa ya riƙe kujerarsa, ga kwana nan." Babu wanda ya motsa. Muna tsaye ya kashe mu gaba ɗaya, kai kuwa kana ta cewa, "Hagu, hagu, ku matsa hagu," a kan gawarwakinmu. Ina jin kukan Chato tun daga Trujillo.

Tun ranar ban samu sukuni ba. Ina tsaye a gaban allo ina koyar da yara lissafi, wani ya buga tebur da yatsa, sai gabana ya faɗi. Idan na buɗe wasan, sunanka yana nan cikin abokaina, ya dusashe, ba ya haske. Nakan je bakin gadar nan in tsaya, alhali na san babu kowa. Kwanan baya kamfanin ya sanar cewa ya saurari 'yan wasa, a gyara na gaba za a iya buga ganga da hannu ɗaya. Na karanta, na rasa ko godiya zan yi ko kuka. Har na ɗauki waya zan kira ka.

Ranar Asabar da ta wuce Nélida ta aiko in je. Na same ta a ɗakin kwamfutarka, abin kulocin yana nan a ƙasa inda ka bar shi. Ta ce, "Ƙanwata, tun da ciwon nan ya same shi ba ya son magana a gaban mutane, kunyar harshensa yake ji. Amma idan ya shiga ɗakin nan ya rufe ƙofa, sai in ji direban da na aura. An ce muryarsa tana wurinku. Ni ba ni da ita ko a waya."

Na kira Chato ya turo duk maganganun da ka naɗa. Na zaunar da ita a kujerarka, muka kunna su ɗaya bayan ɗaya. A taka birki. Masu magani su matso. Kada a bar kowa a baya. Tana saurare, hannayenta a cinya. Sai muka zo kan wata da ba a taɓa sawa a yaƙi ba, domin ka ɓata ta. Ka fara cewa, "Idan ya ɗaga hannu," sai ka tsaya, muryarka ta yi nisa kamar ka juya kai: "Nélida! Miyar nan tana kamawa fa, rage wutar." Daga can ciki muryarta ta amsa, "Kai dai yi wasanka, tsoho."

Kawu Rigo, matarka ta miƙe tsaye. Ta kai bakin ƙofa, ta nufi kicin, kafin ta tuna. Ta daɗe a wurin tana riƙe da ƙyauren.

Da ta dawo ta zauna, na tambaye ta ko tana so mu cire muryar daga wasan, domin wasunmu sun ce ba za su iya jurewa ba. Ta share fuskarta da gefen mayafinta ta ce, "Ku bar shi ya yi aikinsa. Sau biyu aka sauke shi daga kujera, ba zan yi na uku ba."

Mun bar ka, Kawu. Gobe Lahadi za mu sake shiga, kuma wannan karon za mu matsa hagu idan ka ce.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Rigoberto. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka ba shi hutawa ta har abada a wurin da babu ciwo, babu gaɓar da ta shanye. Ka saka masa da alheri kan kowane mutum da ya koma ya ɗauko a hanya.

A madadin 'Yan Mantaro, na nan da na nesa, ina miƙa ta'aziyya ga Nélida, da Yovana, da 'yan'uwansa na Chilca da na Jauja, da tsofaffin abokan tuƙinsa da suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya sanyaya zukatanku, ya tsare bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.