Ƙulli Biyu a Bakin Leda

Bara na je wani horo na masu ƙananan sana'o'i a Birnin Kudu, kan yadda ake tsara shafin sayar da kaya a waya. Malamar da ke koya mana ta ce, kafin ka ce tsarinka ya yi kyau, miƙa wa mai saye, ka ja bakinka ka yi shiru, ka kalli inda hannunsa zai tsaya. Kowa yana rubutawa, ni kuwa na ajiye biro. Kewar Baba, mahaifina, ce ta taso mini.

Baba irin shuka yake sayarwa a Gwaram, a wata 'yar rumfa. Yakan auna irin wake a leda ya ɗaure bakinta da zare: ja na mai saurin nuna, baƙi na mai jinkiri. Ni abin nan haushi yake ba ni. Na yi boko, ina ganin zaren nan ƙauyanci ne tsagwaronsa. In na yi mita sai ya ce, “To, malam mai takarda, miƙo almakashi.”

Shekarar da ya rasu rumfar ta dawo hannuna. Ko sadakar arba'in ba a yi ba na buga takardu masu sheƙi, na liƙa wa kowace leda sunan iri da kwanakin nunarsa, na share zarurrukan na watsar. Wallahi har ja da baya nake yi ina kallon kantar ina jin daɗi.

Da damina ta kankama sai ga wani dattijo daga Dingaya, tsohon abokin cinikin Baba. Ya makara da shuka, mai saurin nuna yake so, amma bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ya yi mini ta'aziyya, ya ɗauki leda yana shafa bakinta da yatsa, ya ajiye, ya ɗauki wata. Ina kallonsa fa. Na ce, “Baba, ai komai a rubuce yake.” Ya ce, “Haka ne, ɗana.” Ya ɗauki uku ya tafi.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Mai jinkiri ya ɗauka, gonar ba ta ba shi komai ba sai harawa. A bakin maƙwabcinsa na ji, na kwana biyu abinci ba ya shiga mini. Na sayo zare ja da baƙi, na zauna na ɗaure ledojin kaf.

Da wata daminar ta zo ya dawo, ko a fuska bai nuna mini komai ba. Da sauri na tura masa leda. Na ce, “Baba, ga jan zaren ya dawo.”

Ya shafa bakinta, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya rage murya ya ce, “Ɗana, ja da baƙi duk ɗaya ne a wurina, idon ya daɗe da yin rauni. Mahaifinka ƙulli biyu yake yi wa mai saurin nuna. Bai taɓa tambayata ba, ban taɓa gaya masa ba. Gani ya yi kawai.”

Shekara nawa ina miƙa wa Baba almakashi, ban taɓa lura da ƙulli na biyun nan ba. Na karɓi ledar na ƙara ƙulli. Dattijon ya taɓa, ya gyaɗa kai, ya ce, “Yauwa, Allah ya jiƙan Malam.”

Shafin wayar na gama shi, har da saƙon murya don waɗanda ba sa karatu. Amma ledojin rumfa har yau da hannu nake ɗaure su. Duk lokacin da na zo ƙulli na biyu, sai in ji ina so in waiwaya in tambayi Baba ko akwai wani abin da yake yi wa mutane wanda na share na watsar ban sani ba.