Ranar da Kofuna Suka Yi Shiru

Ban taɓa mantawa da ranar da kofunan shayina suka fara kaɗawa a cikin kabet ba. Wata Talata ce da damina, ina shekara ta uku da fara sana'ar kai abinci ofisoshi. Maigidana, Abban Hanifa, ya tayar mini da mota a tsakar gida, ni kuma ina kicin ina zuba miya a kula, sai na ji tangaran yana amsa wa injin: ƙas, ƙas, ƙas.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun san tsarinta. A sauke girki kafin sha ɗaya, a jera kuloli kowacce da sunan mai ita, a baro unguwar Karu a isa ma'aikatun Abuja kafin azahar. Ni duk wannan a kan tsohuwar motar mahaifina yake tafiya, Allah ya jiƙansa. Ita ce gadona. Har yau carbinsa na rataye a madubi.

Daga ranar nan ƙarar mota ta yi ta ƙaruwa, har 'yata Hanifa, mai shekara shida, ta koyi gane dawowata. Da kofuna sun fara rawa sai ta ruga ƙofa.

Wani abu kuma ya biyo baya. Idan na tsaya a cunkoso, gilasai a rufe saboda ruwa, sai wata kasala mai daɗi ta sauko mini. Fitilun motocin gaba su narke a cikin yayyafi, in ga kamar Baba ne a gefena yana jan carbi, muna hanyar ƙauye. Na ɗauka kewa ce, har addu'a nake ƙara yi masa. Ranar Juma'a na tafi da Hanifa, na waiga na gan ta lakwas a kujerar baya, ita da bakinta ba ya hutawa. Da ƙyar na tashe ta. Ta ce kanta ke ciwo.

Abban Hanifa ya ce, "Ki kai ta a duba. Amma in gyaran ya fi ƙarfinmu, sai dai 'yan gwangwan su ɗauke ta." Na ji kamar za a sake fita da Baba daga gidan.

Na kai ta wurin Malam Isiya, wani dattijo Bazazzagi mai walda. Ya hau da ita kan rami, ya toshe bakin salansa da tsumma, ya shafa ruwan sabulu a jikin bututun. Kumfa ta yi ta hurowa daidai ƙarƙashin kujerar baya.

"Hajiya, kina jin barci a motar nan?"

Na ce, "Mahaifina nake gani."

Ya ɗago kai. "Allah ya jiƙansa. Amma hayaƙi ne, Hajiya, kuma saura kaɗan ya haɗa ku da gaske."

Ya yi mini bayani. Akwai sabon salansa, wanda kuɗinsa ya kusa rabin motar. Akwai tokumbo ɗungurungum, wato tsoho ɗan ƙasar waje, wanda ba ka san abin da ya gani a duniya ba. Akwai kuma faci, mafi araha. Nan take na ce a yi facin.

"Oga ya ja miki kunne ke nan," in ji shi yana dariya. "Walda ba ta kama tsatsa. In na liƙa yau, kafin sallah kin dawo kina zagina."

"Ni ba na zagi, Malam."

"To, ki yi mini Allah ya isa, wanda ya fi muni."

Ya ɗauki sifana yana ƙwanƙwasa bututun tun daga gaba, ya ce in kasa kunne. Inda ƙarfe ke da rai, ƙarar tana fita tangararan, kamar an taɓa tasa. Inda ya mutu, sai ka ji dum. Haka nake gwada tukunyar ƙasa a kasuwa, don haka ban sha wuya ba. Ni da kaina na ce, "Tsaya, daga nan ne." Abin da ya mutu bai wuce kamu biyu ba. Wurin kaɗai ya yanke, ya dasa lafiyayyen guntu daga wani tsohon salansa, ya sake gwajin sabulu a gabana. Ko kumfa ɗaya. Kuɗin bai kai wanda zai sa Abban Hanifa ya tuna da 'yan gwangwan ba.

Abin da na koya shi ne, araha ba ita ce sauƙi ba, kuma mai sana'ar kirki yakan hana ka abin da ka roƙa. Motar da ke ɗaukar abincin mutane da 'ya'yanki, kada ki saba da ƙararta.

Na dawo gida da la'asar, gilasai a rufe, idona tar. Baba bai zo ba, carbinsa kawai ke lilo. Na shiga har kicin, na tarar da Hanifa zaune a gaban kabet ta zuba tagumi. Ta juyo a firgice.

"Umma! Yaushe kika shigo? Kofuna ba su gaya mini kin dawo ba."