Abujar Ƙanena a Bakin Teku

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya taɓa ce mini yana Abuja alhali yana cikin Legas, don dai kada ya haɗa ido da ni. Na faɗa tun farko ne don kada wani ya ɗauka labarin shaƙatawa kawai na zo bayarwa. Shekaru sun wuce, rabin gemuna ya yi fari, amma wannan Asabar da Lahadin ba zan manta da su ba har a sa ni a ƙasa. Abin haushin ma, tunda nake ban taɓa jin daɗin kwana biyu kamar su ba.

Sana'ata rakiyar shanu. A yi lodi a kasuwar shanu ta Mubi, mu hau saman tirela mu zauna a kan katako, mu kama hanyar kudu. Saniya ta faɗi a cikin mota, ni zan sauka tsakanin ƙahoni in murɗa mata wutsiya ta tashi kafin 'yan uwanta su tattake ta. A aji biyu na sakandare na ajiye boko, shekarar da babanmu ya rasu, shi kuma ƙanen nawa ya ci gaba har ya zama abin da ya zama. Ba gori nake yi ba, labari nake bayarwa. Na shiga Legas ba adadi, amma in ka tambaye ni me na sani a garin, kara ce kawai, wato kasuwar shanu, da rumfar mai shinkafa da wake. Mu sauke, mu watsa ruwa, mu juyo.

Wancan karon, ana tsakiyar zafi, Inna ta kira ni ɗakinta a unguwarmu ta Lamorde ana gobe za mu tashi. Ta haɗa wa autanta saƙo a 'yar jaka: man shanu a kwalba, yaji, daddawa, da dakuwa da ta sa aka daka mata don jikokin da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Shekara shida rabonsa da gida. Aike yana yi, ba zan ci haƙƙinsa a wannan ba, amma tsohuwa ba aike take so ba. Ta riƙe mini hannu ta ce kada in ba mai gadi, kada in ba kowa, hannu da hannu. Kuma in dube shi da kyau in zo in gaya mata ko ya rame.

Muka isa ranar Juma'a, muka sauke lafiya, sai giyar mota ta ƙi shiga. Bakanike ya leƙa ya ce kayan gyara sai Litinin. Na ce to, Allah ne ya tsara, ga kwana biyu a hannuna. Na buga wa ƙanena waya ina murna. Ya kira ni da sunan da ake kiran wa a wajenmu, ya ce, "Hamma, ai da ka faɗa mini da wuri. Yanzu haka ina Abuja wajen taro, sai Talata." Na ce iyali fa, in kai musu saƙon? Ya ce ai tare suka tafi. Ya ƙara da cewa kada in zauna a kara ina shan wari, zai turo mini wuraren da zan zaga in ga gari.

Ba a jima ba saƙo ya shigo, da Turanci, dogo. Ni Turancina na allon hanya ne, sai na miƙa wa direbanmu. Mutumin Michika ne, Kirista, ƙato mai tumbi, mun shekara goma muna bin hanya tare, kuma Sarkin Wutsiya yake kirana. Ya karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Asabar ƙarfe goma, babban kanti. Ƙarfe ɗaya, silima. Ƙarfe huɗu, gandun daji mai gadar sama. Lahadi ƙarfe uku, bakin teku. A ƙasa kuma an rubuta kada a manta da tabarma da kayan wankan yara.

Direba ya fashe da dariya ya ce, "Su waye yaran, ni da kai?" Muka bar shi a kan haka mutanen Legas suke rubutu.

Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba. Na ce mutum ya zo daga ƙarshen ƙasa, a sallame shi da takarda kamar mai neman aiki. Amma ina da taurin kai. Na ce tunda takarda ya ba ni, takardar zan bi, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba. Direba ya ce shi ma matarsa ta gaji da jin labarin taya da birki, zai bi ni ya samo mata sabo. Jakar Inna kuwa ban yarda in bar ta a kara ba, ɓerayen wurin sun kai kyanwa girma. Na rataya abata.

Asabar muka shiga 'yar motar haya mai ruwan ɗorawa, muka faɗa gosulo. Ni da nake kwana biyu a saman tirela ban taɓa jin zafi irin na cikin motar nan ba, iska ma kamar an jiƙa tsumma an ɗora maka a fuska. Kantin ƙarfe goma sai bayan azahar muka gan shi. Mai gadi ya buɗe jakata, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya ya yi mana hannu mu wuce. Da muka shiga sanyi ya doke ni, na tsaya cak na ce wa direba a nan zan yi ritaya.

A nan na haɗu da matakala mai tafiya da kanta. Ni fa na tsaya a tsakiyar bijimai talatin mota tana gudu, ban taɓa jin ɗar ba, amma abin nan ya sa na tsaya ina ɗaga ƙafa ina mayarwa kamar kaza a bakin kwata. Wata tsohuwa mai sanda ta raɓa ni ta haye ko kallona ba ta yi ba. Kunya ta tura ni. Da na kai sama lafiya sai na ce mu sauka mu sake. Sau huɗu muka yi, har wani ma'aikaci ya fara bin mu da ido. Muka sayi askirim, haƙorina na dama ya tuna mini da kansa, duk da haka na shanye na lashe cokali.

Silima ma mun makara, sai muka shiga wanda ake yi a lokacin. Kada a tambaye ni me aka nuna. Kujera mai laushi, duhu, sanyi, ga jakar Inna a cinyata. Na ga an fara harbe-harbe, na buɗe ido na ga ana kunna fitilu. Direba ya rantse da cewa minsharina ya fi fim ɗin ƙara, har wata yarinya ta canja wuri. Barci mafi daɗi da na taɓa yi ke nan.

Gandun dajin kuwa saura kaɗan su rufe muka isa. Gada ce ta igiya da katako, an rataya ta can saman bishiyoyi, kana takawa tana lilo. Nan ne na rama. Manyan mutane masu agogo da tabarau sun rirriƙe igiya suna kiran sunan Allah, kowa da yarensa. Direbana, mai jan tirela a hawan dutse da hannu ɗaya, ya durƙusa yana cewa, "Sarkin Wutsiya, in na mutu ka gaya wa matana ban gama gini ba." Ni ko katakon ya fi wanda nake zama a kai faɗi, kuma babu ƙaho a ƙasa. Na saki igiya na wuce hannuna a baya, kamar ina zaga kasuwar Sahuda. Da na sauka wasu suka tafa mini. Shekara arba'in da 'yan kai, ranar aka fara tafa mini.

Muna fita wani biri ya diro ya cafki jakar. Ya ja, na ja. Na ce masa da Hausa wannan saƙon tsohuwa ne, in yana da uwa ya saki. Ya tsere da dunƙulen dakuwa ɗaya, ya hau reshe yana ci yana kallona. Na yafe masa, don ko ba komai shi ya nuna yana so.

Lahadi direba ya je coci da safe, ni kuma na sa farar rigata da na taho da ita don zuwa gidan ƙanena. Na ce yau ba za mu makara ba, muka fita da wuri. Ashe ranar Lahadi hanya fayau take. Kafin ƙarfe uku muna bakin teku.

Na yi ƙunƙuni da aka ce sai an biya kafin a ga ruwan Allah, amma da na hau yashin na ɗaga kai, bakina ya mutu. Mu da muka saba da mayo, rafin garinmu, wanda da rani yara ke buga ƙwallo a cikinsa, ga ruwa ba tsallake, ya tafi har ya haɗe da sama, yana ta gurnani shi kaɗai. Na naɗe wando na ɗora jaka a ka na shiga zuwa idon sawu. Igiyar ruwa ta zo ta kwashe yashin ƙarƙashina, na zauna daɓas. Riga ta jiƙe, jaka ba ta jiƙe ba. Na ɗanɗana ruwan na tofar, direba yana dariya har da riƙe tumbi. Muka sha ruwan kwakwa, muka ci gasasshen kifi, iska tana kaɗa mu. Na ce masa yau da za a ce in roƙi wani abu, ban san me zan roƙa ba.

Ina faɗin haka na ji wata dariya a bayana. Dariyar babanmu ce, mai tafiya tana sarƙewa kamar injin da ruwa ya shiga. Mutum biyu ne suka gaje ta a duniya, kuma ni ban yi ba. Na waiga. Ga ƙanena a ƙarƙashin rumfa, da gajeren wando da baƙin tabarau, da abokansa uku masu sheƙin fata. Matarsa tana shimfiɗa tabarma, 'ya'yansa mata biyu suna tsalle cikin kayan wanka.

Direba ya dube su, ya dube ni, ya ce a hankali, "Tabarma da kayan wankan yara."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ba don ni aka rubuta takardar ba. Tsarin hutunsu ne da matarsa ta rubuta masa, shi kuma cikin saurin ya rabu da ni ya turo mini ko dubawa bai yi ba, don a ransa mai bin shanu ba zai taɓa fita daga kara ba. Jiya duk a bayansu muke, gosulo ne ya yi ta rufa masa asiri.

Na ɗan tsaya. Zuciyata ta ce in juya, in koma in ce wa Inna ban same shi ba. Amma ta ce hannu da hannu, kuma ni ban taɓa sauke kaya a inda ba a ce in sauke ba. Na nufi rumfar, rigata tana ɗiga. Da ya gane ni ya cire tabarau, ya miƙe, ya ce "Hamma." Matarsa ta rusuna ta gaishe ni da mamaki, na gane ita ko labarin zuwana ba ta ji ba. Na gaisa da abokan ɗaya bayan ɗaya, na ce ni ne wansa, daga Mubi, shanu nake rakowa. Babu wanda ya suma. Ɗaya ma ya matsa mini kujera. Na kira yaran na ce ni ne Bappansu, na ba su dakuwar kakarsu, suka hau ci da yashi a hannu.

Abin da na koya a wurin nan bai da yawa, amma ya ishe ni. Shekara da shekaru ina ganin gari na masu gari ne, ni nawa kara, ashe babu ƙofar da aka rufe mini, ni ne ban tura ba. Kuma wanda yake jin kunyarka, kunyar tasa ce, kada ka taya shi ɗauka.

Na ja shi gefe inda ƙarar ruwa za ta rufe mu, don ban zo in tozarta shi a gaban 'ya'yansa ba. Ya fara cewa taron ne aka ɗage. Na ɗaga masa hannu, na kama nasa na danƙa masa jakar, na dube shi tun daga kai har ƙafa kamar yadda aka sa ni.

Na ce, "Inna ta ce in duba ko ka rame. Zan ce mata ka yi ƙiba. Zan ce mata kai ka nuna mini Legas, don ba ƙarya ba ne, takardarka na bi, kuma na gode, na ji daɗi. Maganar Abuja ba za ta ji a bakina ba, ba don kai ba, don ita. Warin shanun da kake gudu, shi ya kai ka makaranta, kuma ka ga na shiga teku bai fita ba. Ni ba sai ka sake ganina ba, na san hanyar nan yanzu. Amma tsohuwar nan tana zaune a Lamorde tana jiranka, kuma in ta tashi tata tafiyar, ba Talata za ta dawo ba."