Rigunan Sanyin Saje Inusah

Allah da Ya ba mu Saje Inusah Ya karɓi abinSa ranar Laraba, 17 ga Nuwamba, 1993, a asibiti a unguwar Camberwell, London. Gare Shi dukanmu za mu koma.

Saje, ni mai rubuta abin da ya faru kullum ne, amma ranar na kasa.

Ka yi aikin sito a sojan Ghana kafin ka buɗe shagon rarar kayan soja a Stratford. Duk kaka sai ka je gwanjo ka zaɓo barguna, takalma da manyan rigunan sanyi. Rigunan nan ba ka sayar da su. Na baƙi ne.

A 1984 na sauka London da kaftani da hula, haƙorana na kaɗawa. Da na shiga shagonka, ka duba faɗin kafaɗata, ka ciro koriyar riga mai nauyi. Da na fara godiya ka katse ni.

"Maharazu, ba kyauta ba ne, issue na yi maka, aro irin na soja. Rigan nan na mai zuwa bayanka ne. Sanyi ya wuce, ka dawo da shi da maɓallinshi duka."

Na dawo da ita, maɓalli ɗaya ya ɓace. Ba ka yi faɗa ba. Allura da zare ka miƙo mini, ka tsaya a kaina har na ɗinka. Haka ka yi wa Dalyop, ɗalibi daga Jos. Ba ka tambayi addininsa ba, kafaɗarsa kawai ka duba.

Ranar jana'izarka an yi sanyi ƙwarai. A maƙabarta na ga korayen rigunanka a jikin mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe da samun aiki da gidan zama. Tun da ciwo ya kwantar da kai ba wanda ya bi su ya karɓo rigunan. Siton rigunan ya zama wayam, ga sababbin ɗalibai na tafe a Janairu.

Hajiya Amamata, uwargidanka, ta damƙa mini makullin siton. Na ce mata ban iya tsare mutum da ido kamar kai ba, kunya ta yi mini yawa. Ta ce, "Ƙanina, shi ma da kunyanshi ya fara."

Har yanzu ina shakkar kaina, Saje. Amma na karɓa. Asabar zan fara bi gida-gida. Duk mai riƙe da riga, ya duba maɓallanta kafin in ƙwanƙwasa. Zan zo da allura.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya lulluɓe ka da rahama kamar yadda ka lulluɓe baƙi. Ya ba Hajiya Amamata da 'yarku Rukayatu da jama'ar Stratford haƙurin rashinka. Ni kuma Ya ba ni ikon riƙe amanar, kada baƙo ya kwana cikin sanyi. Amin.